Dasashina yana janyewa: aikin huda zan yi ko na yanka?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar wanda abin ya taɓa samu nake nema. Dasashina na ƙasa ya janye a haƙora uku na gaba, har saiwar ta fara leƙowa. Ba ya jini, haƙoran ba sa girgiɗi, amma in na sha ruwan sanyi har tsakiyar kaina nake jin sa. Shekarata 34, ba ni da suga, ba na cin goro. Likitan da na gani a nan Kano ya ce buroshi mai tauri ne da dirzawa da ƙarfi suka jawo, kuma maganinsa a yanko 'yar tsoka daga ganɗata a dasa a wurin a ɗinke. Wallahi tun da na ji maganar yanka ganɗa jikina ya yi sanyi. To ƙanena da ke karatu a Alƙahira ya ce akwai hanyar da ba yanka ba ɗinki, huda kawai ake yi a janyo dasashin. Bayan sallah zan je wajensa in sha Allah. Akwai wanda aka yi wa? Yana zama ko komawa yake? Nawa kuka biya?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri safe da dare, ki danna kanumfari a wurin. Kuma ki rage goro.

Maman Ilham:
Na gode Hajiya, amma ai na ce ba na ci.

Ɗan Zazzau:
Bakanuwa ce fa, kuɗin sabon buroshi take ƙyashi, wanda aka sa mata a lefe take ta dirza da shi har yau.

Abu Safwan:
An yi wa matata a nan Amurka. Pinhole suke ce masa. Wani likitan haƙori ne a Kalifoniya, John Chao, ya fito da shi, ya wallafa sakamakonsa a 2012. Bayan allurar kashe zafi sai a yi 'yar huda a dasashin nesa kaɗan da bakin haƙorin, a zura wasu siraran ƙarafa a ɓanɓaro naman ta ciki, a turo shi ya rufe saiwar, sannan a cusa zirin kolajin, wani abu mai laushi da ke narkewa a jiki, ta hudar don ya tokare shi. Washegari da ƙyar muka gane inda aka huda. Ta ɗan kumbura, amma ta koma aiki da wuri. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne dokar da aka kafa mata: mako shida kada buroshi ya taɓa wurin, kada ta ɗaga leɓe tana leƙawa a madubi, ba gatsar abu mai tauri. Haƙora huɗu na sama, dala 3,800 muka biya daga aljihu. Har yanzu dai yana nan lafiya, alhamdu lillah.

Baban Khalifa:
Maman Ilham ki saurare ni da kyau, don ni ba labari aka ba ni ba. A Alƙahirar nan da kike shirin zuwa aka yi min. Na raka mahaifiyata aikin ido, sai wani mai yi wa 'yan Najeriya tafinta ya lura ina kare bakina in zan yi dariya. Ya ce ya san wani asibiti, awa ɗaya an gama. Muka je. Ba a ɗauki hoton haƙoran ba, ba a wanke su ba, ba a tambaye ni ko ina da wata lalura ba, alhali ina da suga kuma lokacin dasashina yana jini duk safiya. Dala 1,500 na ƙirga musu a kan haƙora biyar. Ranar da aka gama na kalli madubi har ƙwalla na yi don murna, bakina ya koma kamar na saurayi.

Ban rufe wata uku da dawowa ba naman ya fara zamewa. Wari ya dawo, har maiɗakina ta kasa ɓoye min. Na kira lambar asibitin ba a ɗauka, na kira tafintan ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Da na je asibiti a gida aka ɗauki hoto, likita ya nuna min ƙashin da ke riƙe da haƙoran ya riga ya zaizaye tun tuni, ya ce ba a kan komai aka ɗora naman ba. Ɗaya daga cikin biyar ɗin yanzu babu shi, an cire. Kuɗin nan na ginin shagona ne. Duk wanda ya ce miki ba yanka ba ɗinki ki riƙe jakarki ki gudu.

Hajiya Babba:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri Baban Khalifa.

Sista Rabi:
Sannu Baban Khalifa, an cuce ka, amma matsalarka daban ta Maman Ilham daban. A sashen haƙori nake aiki. Kai ciwon dasashi ne da kai, mai cin ƙashi a hankali, ga suga a kai. Irin naka sai an fara kankare dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi, jinin ya tsaya, suga ya daidaita, kafin ma a yi zancen rufe saiwa. In ƙashin da ke tsakanin haƙora ya tafi, ko huda ko yanka ba wanda zai mayar da naman inda yake. Ita kuwa in har yadda ta faɗa ne, ba jini ba girgiɗi, tana cikin waɗanda aikin ke iya yi wa kyau.

Sai dai Maman Ilham ki lura, naki haƙoran ƙasa ne na gaba. Dasashin wurin yakan zama siriri ƙwarai, wani lokacin ma jijiyar nan ta cikin leɓe ce ke fizgar sa ƙasa. Huda janyo naman da kike da shi take yi. Dashen ganɗa kuwa ƙaro miki kauri yake, kuma tun shekarun 1960 ake yin irinsa, an daɗe ana ganin ƙarshensa. Wataƙila dalilin da likitanki ya zaɓe shi ke nan. Ki koma ki tambaye shi: yaya kaurin dasashina, yaya ƙashina yake a hoto? Kafin nan ki sayi buroshi mai laushi da man haƙori irin Sensodyne, ki daina dirzawa gefe da gefe. Dasashin da ya janye ba ya tsirowa da gishiri ko kanumfari, Hajiya Babba ki yi haƙuri.

Baban Khalifa:
Ke likita ce ko nas?

Sista Rabi:
Ba likita ba ce, ban kuma ce ni ce ba. Shi ya sa na ce ta koma wajen likitanta.

Baban Khalifa:
To ni bakina ne shaidata. Ku kullum bayan an gama cutar mutum sai ku ce ai matsalarsa daban.

Abu Safwan:
Alhaji ba musun wahalarka ake ba. Amma mu sai da aka auna zurfin dasashin haƙori ɗaya bayan ɗaya, aka wanke, aka ba mu wata rana. Sunan Pinhole ma mai rajista ne, waɗanda suka je kwas ɗinsa ne ke amfani da shi. Ka tabbata shi aka yi maka?

Baban Khalifa:
Kai kana Amurka, ba ka san me muke ciki ba.

Bakatsiniya:
Ni dashen ganɗar aka yi min a Abuja, haƙori biyu, naira 380,000 har da wanki. Gaskiya ganɗar ta fi wurin dashen zafi, kamar ka ƙone da shayi amma ya ƙi warkewa. Kunu da yogot na yi ta sha kusan mako biyu. Yanzu naman ya yi kauri, ruwan ƙanƙara ma sha nake.

Ummu Ruman:
380 kuma? Ni 600 aka ce min haƙori ɗaya a Abujan, na tashi na bar musu kujerarsu.

Bakatsiniya:
Nawa kafin dala ta tashi ne.

Ɗan Zazzau:
Da kuɗin nan ai gara a cire su gaba ɗaya a sa haƙorin Makka, ga ado ga suna Hajiya.

Maman Ilham:
Ɗan Zazzau Allah ya shirye ka. Sista Rabi na gode ƙwarai, ban san in tambayi zancen kauri ba. Ƙanena dala 200 ya ce min kowane haƙori, ga shi Baban Khalifa ya biya 300. Wanne ne gaskiya?

Malam na Damagaram:
Duka gaskiya ne 'yar uwa. Ɗarin da ke sama ta mai rakiya ce. Haka suke mana mu ma in mun kai maras lafiya. Tun daga filin jirgi zai karɓe ka, ya kama maka masauki, ya kai ka inda yake da kaso, da Larabci za su gama ciniki a gabanka kana murmushi.

Ummu Ruman:
Wallahi kuwa. Mu da muka kai yayata aikin gwiwa, ko takardar kuɗi ba a bari mun gani ba. Kuma ɗan uwanka ne Bahaushe, da shi kuke salla.

Ɗalibi a Masar:
Don Allah a daina haɗa mu gaba ɗaya. Da yawanmu darasi muke bari mu kwana da marasa lafiya a asibiti ba ko sisi. Kuma akwai ƙwararrun likitocin dasashi a nan, musamman a asibitocin jami'o'i.

Baban Khalifa:
Wanda ya kai ni ma ɗalibi ya ce min shi ne. Ina da rasit, ina da hotuna, har saƙonnin muryarsa ban goge ba. Akwai wanda ya san inda ake kai ƙarar irin waɗannan?

Malam na Damagaram:
A can ko a gida? Don in a can ne sai ka sake sayen tikiti.