Wace kalma za mu sa wa "bioavailability"?

Jama'a, ina neman taimakon masu harhaɗa magunguna da malaman Hausa. Ina rubuta wa majinyata bayani ne, sai kalmar "bioavailability" ta tsaya mini a wuya. Ma'anarta dai: yawan maganin da ke kaiwa cikin jini bayan an sha shi.

Mu da mun ce "ya sha magani" mun gama magana, alhali a nan tafiyar ta fara. Ƙwayar sai ta narke, ta tsira daga ruwan ciki mai tsami, ta ratsa bangon ƙaramin hanji, sannan ta biya ta hanta, ita ma ta ɗebi nata kafin ragowar ta bazu a jiki. Shi ya sa insulin, maganin ciwon sukari, allurarsa ake yi. In an haɗiye shi, ciki narkar da shi yake yi kamar nama.

Na fara da "rabon jini". Da daɗi a baki, amma mai ji zai zaci jini ake rabawa a asibiti. "Tsotsa" kuwa aikin hanji kaɗai ta kama, ta bar hanta a baya. Inda na tsaya shi ne "isa-jini". Sai a ce isa-jinin allurar jijiya ɗari bisa ɗari ne, na ƙwaya kuwa ya danganta.

Ku gwada ta a nan. Rybelsus, ƙwayar ciwon sukari da Amurka ta amince da ita a 2019, isa-jininta kusan kashi 1 ne cikin 100, duk da an haɗa ta da sinadarin SNAC mai taimaka mata ratsa bangon ciki. Irin wannan sinadari ni "ɗan rakiya" nake ce masa.

Abin da ya fi damuna na gida ne. Coartem na zazzaɓin cizon sauro, isa-jininsa ƙaruwa yake in an sha da madara ko abinci mai maiƙo. Tetracycline kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, in aka bi shi da fura da nono, sinadarin kalsiyam da ke cikin nonon ya riƙe shi a hanji, ya fita bai yi aiki yadda ya kamata ba. Uwa mai jinyar yaro tana da haƙƙin jin wannan da harshenta.

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka karanta ilimin magunguna da Faransanci, me kuke ce wa majinyata?