Karatun injiniyan jiragen ruwa a jami'a: ina ake yinsa, kuma digiri kaɗai ya isa?

Ɗalibi daga Zariya:

Assalamu alaikum. Malamai da yayyena, ina neman shawararku. Na kammala sakandare da sakamako mai kyau a Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Turanci, kuma ina shirin cike fom ɗin JAMB. Hankalina ya kwanta da karatun injiniyan jiragen ruwa, sai dai a danginmu babu wanda ya taɓa yinsa, mahaifina kuma yana tambayata aikin da zan yi da shi, tun da mu ba mutanen bakin teku ba ne. Ina so in san makarantun da ke koyar da shi, sannan ko wanda ya sami digirin yana iya kama aiki a jirgi kai tsaye.

Injiniyan ɗakin inji:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Makarantu akwai su. A Najeriya akwai Jami'ar Jihar Ribas da ke Fatakwal, da Jami'ar Neja Delta a Bayelsa, da Jami'ar Albarkatun Man Fetur ta Tarayya da ke Effurun, da kuma Jami'ar Harkokin Teku ta Najeriya da ke Okerenkoko a Jihar Delta, wadda ta fara karatu a 2018. Kwalejin Oron a Akwa Ibom difloma take bayarwa, amma ta daɗe tana horar da ma'aikatan jirgi. A waje kuma akwai jami'ar harkokin teku ta yanki da ke Akara a Gana, da makarantar harkokin teku ta ƙasashen Larabawa da ke Iskandariya a Masar. Digirin a nan gida shekara 5 ne.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, kuma amsarta a'a ce. Abin da ke ba mutum izinin tsaron inji a babban jirgi shi ne takardar shaidar ƙwarewa, wadda a Najeriya hukumar NIMASA mai kula da harkokin jiragen ruwa ke bayarwa bisa STCW, yarjejeniyar duniya ta 1978 a kan horar da ma'aikatan jirgi, da aka yi wa gyara a 1995 da kuma 2010 a Manila. Kafin ka zauna jarrabawar matakin farko, wanda ya shafi jirgin da ƙarfin injinsa ya kai kilowat 750 zuwa sama, dole ne ka haɗa wata 12 na horo tsakanin ɗakin gyara da teku a ƙarƙashin tsarin da hukuma ta amince da shi, kuma aƙalla wata 6 daga ciki ka yi su kana tsaron inji a gaban injiniya mai takarda, ana sa maka hannu a littafin horo a kan kowane aiki da ka koya. A nan ne ɗalibai da yawa suke maƙalewa. Tun da aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1995, jiragen da ke ɗaukar kadet, wato mai koyon aiki a jirgi, sun yi ƙaranci ƙwarai, har na ga samari masu digiri mai kyau suna zaune a gida shekaru suna jiran gurbi. Saboda wannan gibin NIMASA ta fito da shirin NSDP a 2008 don tura matasa horo a ƙasashen waje, amma guraben ba su kai yawan masu nema ba.

Don haka kafin ka zaɓi makaranta, ka tambaye su a fili: shin NIMASA ta amince da tsarinku a matsayin horon kadet, kuma ɗalibanku da suka gama a wane jirgi suka yi zaman tekunsu? Idan aka riƙa yi maka kwana-kwana a kan wannan, to ka yi hattara. Ka kuma je a gwada idonka da jinka tun yanzu, har da gwajin bambance launuka, domin gwajin lafiyar ma'aikatan jirgi ba ya da sassauci, kuma gara ka sani kafin iyayenka su kashe kuɗi.

Malama mai koyar da injiniyanci:

Ɗana, duk abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma ina da ra'ayi dabam a kan mafarin hanya. Darussan shekarun farko kusan ɗaya ne da na injiniyan kanikanci: lissafi, kimiyyar zafi, yadda ruwa da iska ke gudana, ƙarfin ƙarafa da zanen inji. Daga baya ne ake shiga injin dizil na jirgi, farfela, daidaituwar jirgi a kan ruwa da wutar lantarkinsa. Idan ba ka tabbatar cewa teku kake so ba, karanta kanikanci a Jami'ar Ahmadu Bello da ke kusa da kai ya fi sauƙin kuɗi, ƙofofinsa sun fi yawa, kuma kana iya ƙaro ilimin jirgi daga baya. Ka kuma shaida wa mahaifinka cewa mai wannan digiri ba lallai ne ya ƙare a teku ba, domin akwai wuraren gyaran jirage a Legas da Fatakwal, da kamfanonin mai da gas, da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedkwatarta ke Lokoja.

Ɗalibi daga Zariya:

Na gode ƙwarai, Malama, Allah ya saka da alheri. Gaskiya tekun nake so. Yaya Injiniya, don Allah yaya aikin yake a cikin jirgin kansa?

Injiniyan ɗakin inji:

Idan tekun kake so, to shawarar Malama za ta tsawaita maka hanya, ko da yake ba ta toshe ta ba, domin bayan digirin kanikanci sai ka sake neman kwasa-kwasan da hukuma ta wajabta kafin a karɓe ka kadet.

Aikin kuwa na hannu ne kafin ya zama na biro. Babban injin jirgin dakon kaya sai an hau matakala hawa-hawa kafin a kai kansa, kuma yana juyawa a hankali, wajen sau 100 a minti ko ƙasa da haka, yana murza farfela kai tsaye. Baƙin man da jirage da yawa ke sha yana da kauri kamar kwalta, sai an dafa shi ya wuce digiri 100, an tace shi a na'urar da ke raba shi da ruwa da datti, sannan ya shiga inji. Kai kadet, da wanke wannan na'ura za ka fara, da buɗe famfo, da duba janareta, da bin bututu ɗaya bayan ɗaya kana zana shi a littafinka har ka san inda kowanne ya nufa. Zafin ɗakin inji yakan haura digiri 40, ƙara kuma ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai. A jiragen da ake karɓa-karɓar tsaron inji, awa 4 ake yi a huta 8, dare da rana. Abin da ya lalace a tsakiyar teku ku ne za ku gyara shi da abin da ke cikin sito, shi ya sa nake ganin yaron da ya taɓa zama a garejin kanikawa ya fi saurin kama aikin.

Kwantiragi yakan raba mutum da gida watanni, wani lokaci har da azumi da salla. Wannan ma ka zauna da mahaifinka ku tattauna shi kafin ka cike fom ɗin.