Inda za a taka ƙafa ba tare da an galabaita ba

Da aka tattauna a majalisa kan inda mutumin Kano zai yi tattaki mai sauƙi, yawanci sun karkata ga Wudil. Tafiyar kusan kilomita 40 ce daga birni ta titin Maiduguri. Shawarar ita ce a ajiye mota kusa da gada, a bi gaɓar kogi da ƙafa, ana wuce masunta da masu ɗiban yashi da gonakin rani. Ƙasar a shimfiɗe take, ko dattijo mai ciwon gwiwa zai iya. Sai dai a guji Juma'a, ranar kasuwa ce, shanu da tireloli sukan cika gari. Da damina kuma ruwa kan hau gaɓa, taɓo ya hana tafiya. Lokacin sanyi ya fi, da hantsi kafin rana ta take.

Maganar daji ce ta jawo musu. Matasa suka ambaci Falgore, dattawa suka ce a'a: akwai nisa, kuma ba a shiga sai da masu gadin daji da sanin halin tsaro. Ni ma da dattawan nake. Mai son inuwar bishiyoyi kawai, Gidan Zoo na Audu Bako ya ishe shi, ko titunan cikin sabuwar harabar Jami'ar Bayero.

Sauran kuwa, gorar ruwa, takalmi sau-ciki saboda ƙaya da maciji, kuma kada a tafi mutum ɗaya. Kifin Wudil, wani Alhaji ya ce a bari sai a dawowa a saya, kada rana ta ɓata shi.