Hillary da Sanders a 2016: da me za a auna matsayin ɗan takara kan yaƙi da biyayyarsa ga jam'iyya?

Ɗan Tasha:
Salamu alaikum 'yan uwa. A zaɓen fid da gwani na ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Dimokurat a Amurka a 2016, magoya bayan Bernie Sanders sun yi ta cewa Hillary Clinton ta goyi bayan yaƙin Iraƙi, nata mutanen kuma suna cewa shi ba ɗan jam'iyya ba ne ma. Idan mutum yana son ya kwatanta su da adalci, me zai duba?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Fara da ƙuri'ar da suka kaɗa a majalisa, ka ajiye jawabin kamfe. A Oktoba 2002 Majalisar Dattawa ta ba George Bush izinin amfani da ƙarfi a Iraƙi da ƙuri'a 77 da 23, ta Wakilai kuma da 296 da 133. Hillary ta ce e, haka Joe Biden da John Kerry. Sanders yana Majalisar Wakilai a lokacin, ya ce a'a.

Amma ƙuri'a ɗaya ba ta isa ba. Duba gyare-gyaren da aka kawo kafin babbar ƙuri'ar. Sanata Carl Levin ya nemi a fara bi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kayar da shi 75 da 24, kuma Hillary tana cikin waɗanda suka ƙi. Wannan ne ke raunana hujjarta ta cewa diflomasiyya ta so ƙarfafawa. Sai ka juya ga Sanders: ya amince da izinin yaƙi da aka bayar bayan harin 11 ga Satumba 2001, wanda Barbara Lee kaɗai ta ƙi a Majalisar Wakilai, 420 da 1, ya kuma goyi bayan ruwan bama-baman Kosobo a 1999. Ashe ba kowane yaƙi yake ƙi ba.

Sannan ka raba ƙuri'ar izini da ta kuɗin sojoji. Obama, wanda ya soki yaƙin tun 2002 yana majalisar jihar Illinois, da ya shiga Majalisar Dattawa ya yi ta amincewa da kuɗin har Mayu 2007. Nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Hajiya Rabi:
Malam Habu ya gama da yaƙi. Biyayya kuwa, katin jam'iyya shi ne ma'auni mafi rauni. Sanders ɗan indifenda ne, wato ba ya cikin kowace jam'iyya, amma da 'yan Dimokurat yake zama a majalisa, kuma da ya faɗi ya fito ranar 12 ga Yuli 2016 ya mara wa Hillary baya. Ita ma haka ta yi wa Obama a Yuni 2008. Ku kwatanta da Joe Lieberman, wanda jam'iyyar ta tsayar takarar mataimakin shugaban ƙasa a 2000: da ya sha kaye a fid da gwani na sanata a 2006 saboda Iraƙi, sai ya tsaya shi kaɗai, a 2008 kuma ya bi John McCain na Rifabulikan. Abin da mutum ya yi washegarin faɗuwarsa shi za a duba.

Injiniya Musa:
Hajiya, gaskiya ne, amma katin yana aiki a wani wurin. A jihohin da sai mai rajistar jam'iyya ke zaɓe, 'yan indifenda ba su da ta cewa. A New York zaɓen ranar 19 ga Afrilu 2016 ne, amma an rufe canza rajista tun 9 ga Oktoba 2015, wata shida kafin nan. Ga kuma manyan daliget fiye da 700, wato wakilan da ke zaɓar wanda suke so a babban taron jam'iyya, gwamnoni da 'yan majalisa da shugabannin jam'iyya, waɗanda mafi yawansu suka bi Hillary tun da wuri. Sai a Agusta 2018 aka hana su ƙuri'a a zagayen farko, sai fa in an riga an san wanda ya ci. Sanders da kansa sai da ya sa hannu a 2019 cewa a matsayin ɗan Dimokurat zai yi takara.