Kifin da aka sayar mini da sunan Betta imbellis: yaya zan tabbatar shi ne?

Sani:

Assalamu alaikum. Makonni uku da suka wuce na karɓi kifaye biyu, namiji da mace, waɗanda mai sayarwa ya ce Betta imbellis ne na daji, wato wani nau'in ƙaramin kifin ado da ake kira betta. Da suka huta launinsu ya fito, sai na fara kokwanto. Namijin ya kai santimita 5, jikinsa baƙi-baƙi ne, ɓawonsa yana ƙyalli kore a jere, amma babu jan zanen nan mai kama da jinjirin wata da nake gani a bakin wutsiyar imbellis a hotuna, kuma tsakiyar wutsiyarsa ta ɗan yi tsini. Bayan haka, an haɗo mini da wani kifi na uku a cikin ledar, mai siririn baki da ratsi a kwance, wanda aka ce ƙaramar mace ce, sai dai da daddare nakan ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsinke a kan tsintsiya tana fitowa daga tankin. Ina so in hayayyafa su, amma ba na so in yi hakan alhali ban san abin da nake riƙe da shi ba. Ina zan fara dubawa?

Malam Habibu:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ka fara da marfin da ke bayan ido, wanda yake buɗewa yana rufewa idan kifi yana numfashi, domin a wannan rukuni na betta masu kama da juna, wanda Betta splendens yake jagoranta, a nan ne bambanci ya fi bayyana. Ka kafa ƙaramin madubi a jikin gilashin na minti biyu ko uku, ka haska fitila daga gefe, namijin zai ɗauka wani namiji ne ya gani, sai ya buɗe fukafukansa ya bankaro marfin nan, kuma a lokacin ne ainihin launinsa yake fitowa.

Betta splendens na daji, wanda masanin kifaye Regan ya bayyana a 1910 kuma yake zaune a kwarin kogin Chao Phraya a tsakiyar Tailan, yana da jajayen sanduna biyu a tsaye a kan marfin. Betta imbellis na kudancin Tailan da Malesiya da arewacin Sumatra shi ma sanduna biyu gare shi, amma nasa kore ne ko shuɗi mai ƙyalli, sannan wutsiyarsa zagayayya ce da jan jinjirin wata a bakinta. Betta smaragdina na arewa maso gabashin Tailan da Laos ba shi da sanduna rarrabe, domin koren ɓawo ya kusan rufe marfin da kuncin gaba ɗaya, kamar fatar maciji. Na huɗu shi ne Betta mahachaiensis, wanda sai a 2012 aka ba shi suna a hukumance. Yana da korayen sanduna biyu kamar imbellis, amma ba shi da jan jinjirin wata, jikinsa ya fi duhu, kuma wutsiyar manyan mazansa takan yi tsini a tsakiya. Abin da ka kwatanta ya fi kama da wannan na ƙarshe. Asalinsa yankin Samut Sakhon ne, kusa da Bankok, inda yake rayuwa cikin ruwan zartsi a tsakanin itatuwan nipa, dangin kwakwa, har yakan gina sheƙarsa ta kumfa, inda yake ajiye ƙwai, a cikin ruwan da ya taru a gindin rassansu.

Malama Rabi:

Ni zan tsaya a kan kifi na uku, domin ina ganin ba betta ba ne sam. Siririn baki, ratsi a kwance da kuma ƙara da daddare alamomin Trichopsis ne, wani ƙaramin kifi ɗan uwan betta daga cikin waɗanda ake kira gurami, wanda yake fitar da sautin ta hanyar kaɗa jijiyoyin fukafukansa na ƙirji. Ka duba idonsa, Malam Sani, za ka ga yana sheƙi shuɗi. Idan ya tsaya a ƙasa da santimita 4 yana da ɗigo-ɗigo masu walƙiya, to nau'in Trichopsis pumila ne, idan kuwa ya ci gaba da girma ya doshi 6, Trichopsis vittata ne. Ba abin mamaki ba ne a haɗo su, tunda a gonakin shinkafa da fadamu guda suke zaune da betta, kuma koma ɗaya ce take kwaso su.

Betta da gurami dukkansu suna da wata gaɓa mai lanƙwashe-lanƙwashe a cikin kai, a saman mashaƙarsu, wadda take ba su damar haɗiyar iska daga saman ruwa, shi ya sa ganin kifi yana tasowa yana shaƙar iska ba ya nuna cewa betta ne. Siffar jiki ce take raba su. Gurami irin su Trichopodus jikinsu faffaɗa ne, fukafukan cikinsu sun zama dogayen zaruruwa da suke taɓa abubuwa da su. Wani ɗan uwan nasu kuma, Macropodus opercularis, wutsiyarsa a rabe take gida biyu, da ratsin ja da shuɗi a tsaye.

Abin da ya fi damuna shi ne macen da kake shirin haɗawa da namijin. Matan wannan rukuni kusan kamarsu ɗaya: ruwan ƙasa, ratsi biyu ko uku a kwance, da ɗan farin ɗigo a ƙarƙashin ciki inda ƙwai yake fitowa. Na taɓa ajiye matan imbellis da na smaragdina a tanki ɗaya na mako guda kawai, daga baya na kasa rantsewa a kan wace ce wace, dole na haƙura da hayayyafa su duka.

Malam Isiyaku:

Bayanin Malam Habibu daidai ne, amma ba zan yi saurin kiran kifin nan mahachaiensis ba. Nau'o'in wannan rukuni suna barbarar juna cikin sauƙi, 'ya'yansu ma suna haihuwa, kuma masu kiwo sun daɗe suna gauraya splendens da smaragdina da mahachaiensis domin su samu ƙyalli mai yawa. Irin wannan ruwa-biyun yakan fito da sandunan uba da wutsiyar uwa, ya dace da rabin bayanin littafi ya saɓa wa rabi. Ko a daji ma matsalar tana nan, saboda betta na gida da ake saki cikin magudanai suna cakuɗuwa da na asali.

Saboda haka masu kiwon da suka ɗauki abin da muhimmanci suke rubuta sunan wurin da aka kama kifi tare da sunan nau'insa, su kuma nuna ko kamun daji ne ko haihuwar tanki ta farko ko ta biyu. Jinsin Betta ya haura nau'i 70, wasu masu sheƙar kumfa, wasu kuma irin su pugnax da macrostoma namiji ne yake riƙe ƙwai a bakinsa, kuma da yawa daga cikinsu wurin zamansu ɗan ƙanƙani ne, gine-gine da noma suna cinye shi. Mahachaiensis yana cikin waɗanda wannan ya shafa sosai. Wanda ya raba 'ya'yan gauraye da sunan tsantsar nau'i ya ɓata wa duk wanda ya karɓa daga hannunsa, kuma ba a iya warware wannan bayan ya auku. Ka koma wurin mai sayarwa ka tambaye shi daga ina aka kamo su, da kuma ko namijin da macen daga wuri guda suka fito.

Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada madubin yau da safe. Sanduna biyu ne kore, da baƙi a tsakaninsu, babu ja ko kaɗan a kan marfin, wutsiyar kuma ba ta da jinjirin wata ko da ya buɗe ta gaba ɗaya. Kifi na uku idonsa shuɗi ne kamar yadda Malama Rabi ta faɗa, na kuma mayar da shi tankinsa daban. Mai sayarwa ya ce shi ma daga hannun wani ya karɓo su, bai san wurin kamun ba, amma ya yi alkawarin tambaya. Na raba namijin da macen da gilashi a tsakani har sai amsa ta zo. Malam Isiyaku, idan na ɗauki hoton marfin macen kusa-kusa a lokacin da ta fito da ratsin tsaye na shirin ƙwai, zai taimaka wajen gane ta, ko kuwa sai an samu sunan wurin?