Shagona ya ƙone, ƙanena ya miƙo mini falsafa: ko tana da amfani?

Mai Atamfa:
Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da gobara ta cinye shagona a kasuwa, har da dila shida na atamfa da shadda da na karɓo bashi, ban sayar da ko yadi ɗaya ba. Mutane sun yi mini jaje, Allah ya saka. Na san ƙaddara ce, ba na jayayya. Amma da zarar ƙarfe biyu na dare ya yi sai ido ya bushe, in dinga lissafin kuɗin da babu su.

Ƙanena da ke karatu a jami'a ya ba ni labarin wani Epictetus, bawa ne gurgu a Rum kusan shekara 1,900 da suka wuce, daga baya aka 'yanta shi ya zama malami. Wai koyarwarsa ita ce mutum ya raba abin da ke hannunsa da abin da ba ya hannunsa. Maganar ta ɗan shige ni, sai kuma tsoro ya kama ni, don tun muna makarantar allo muke jin falsafa tana ɓatar da mutum. Me za ku ce?

Ɗalibin Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ba sai ka je Rum ba ma. Al-Kindi, Musulmi ne da ya zauna Bagadaza a ƙarni na 9, ya rubuta 'yar wasiƙa kan dabarar kore baƙin ciki. Hujjarsa: duk abin da ke hannunmu aro ne, in mai kaya ya aiko a karɓa, abin kunya ne mu yi fushi, musamman da yake ya bar mana mafi tsada, wato rai da hankali. Epictetus ma ya hana mutum cewa ya yi asara, wai ya ce ya mayar. Mu ai mun daɗe da sanin kayan aro ba ya rufe katara.

Tsoron da kake ji kuma yana da asali, amma a duba ina ya dosa. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙalubalanci masu falsafa a kan mas'aloli 20, ya kafirta su a 3: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Ilimin manɗiƙi kuwa, wato ƙa'idojin kafa hujja da hankali, shi da kansa ya koyar. Raba abin da kake iyawa da wanda ba ka iyawa bai shiga ko ɗaya daga ukun nan ba.

Bahago:
Ni dai ban ga abin da Bature zai koya mana kan haƙuri ba. Ka riƙe Inna lillahi, ka je ka zauna da masu bin ka bashi a tsara biya. Bashin ne ke hana ka barci, ba rashin falsafa ba.

Uwar Biyu:
Malam Bahago, kana da gaskiya rabi. Da na rasa ɗana ɗan shekara huɗu, duk wanda ya ce mini "aro ne" ji nake kamar in rufe shi da duka, ko da yake na san gaskiya ya faɗa. Sai bayan kusan shekara maganar ta samu wurin zama. Abin da ya tashe ni daga kan tabarma shi ne 'yan biyun da ke jiran koko kowace safiya. Daga baya na ji labarin Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa na birnin Vienna a ƙasar Ostiriya, da ya fito a 1945 daga sansanin da 'yan Nazi na Hitler suka tsare shi, ya tarar matarsa da iyayensa sun mutu. Shi ma abin da ya lura da shi ke nan, wanda ke da wani ko wani aiki da ke jiransa ya fi jurewa. Alhaji, wa ke jiranka? Kuma wata biyar ba barci ba wasa ba ne, ka ga likita.

Mai Atamfa:
Na gode, Hajiya, Allah ya sa mai ceto ne. Yaran shagona biyu har yanzu kullum sai sun zo ƙofar gida sun zauna, ni kuwa kunya ke hana ni fitowa. Gobe in sha Allah zan fita, mu je wurin mai dilolin tare.