Me za mu kira dial-up da wireless da Hausa, tunda duka biyun waya ce?

Salamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu fassara. Akwai jumlar da ke bayanin yadda ake hawa intanet da laptop ba tare da an jona mata komai ba, alhali intanet ɗin da ke shigowa gidan na dial-up ne. Duk wanda ya mayar da ita Hausa kai tsaye zai ƙare da cewa "hawa intanet ta waya ba tare da waya ba", wanda kuwa ba zance ba ne. Laifin na kalmar waya ne, domin tun zamanin tangaraho Bahaushe ya ɗora mata kaya da yawa: ita ce zaren ƙarfen da ke bisa turaku, ita ce na'urar da ake magana da ita, har ofishin aika wasiƙa ma gidan waya muke ce masa.

Kafin gardamar suna, ya kamata mu san yadda abin yake aiki. A tsarin dial-up, kwamfuta tana kiran wata lamba ta layin wayar girke kamar yadda mutum zai kira ɗan'uwansa, sai dai modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya, shi ke yin kiran, wani modem ɗin kuma ya amsa a kamfanin da ke sayar da intanet. Wanda ya taɓa zama kusa ya san sautin: da farko ƙarar danna lambobi ɗaya bayan ɗaya, sannan wani fito mai kaifi da shuuu na 'yan daƙiƙu, sannan tsit, alamar an haɗu. Muddin ana kan intanet, duk wanda ya kira gidan zai tarar layin a cike, idan kuma wani ya ɗaga kan wayar a wani ɗaki, sau da yawa haɗin ya katse ke nan. Iyakar gudunsa a ƙa'idar V.90 ta 1998 kilobit 56 ne a daƙiƙa, wato hoto guda mai nauyin megabayit 3 zai ci kimanin minti 7 kafin ya sauka, in ma layin ya yi kyau.

Na ga an kawo shawarar a rubuta dial-up yadda muke furtawa, dayal-of. Ban goyi bayan wannan ba, domin bakin Bahaushe yana mayar da "up" ya zama "of", kuma duk mai taɓa makunnin lantarki ya san "of" kashewa yake nufi, sai kalmar ta faɗi akasin abin da ake so. An kuma ce "intanet mai tafiyar hawainiya". Wannan zambo ne, kuma ya dace da shi, amma ba suna ba ne, tunda sabis ɗin 2G ma hawainiya ne a yau kuma ba dial-up ba ne.

Abin da na zaɓa shi ne haɗin buga-lamba. Mun riga muna cewa "buga waya" da "buga masa", kuma ƙirar kalmar irin ta dafa-duka ce, wadda kunne ba ya ƙi. Ya kuma kama ainihin abin da ya raba wannan tsari da na yanzu, wato sai an buga lamba an jira an amsa, sa'an nan a biya kuɗin lokacin da aka riƙe layin. Gaskiya ne cewa ana buga lamba a jikin mota ko takarda, amma da zarar "haɗi" ya gabata babu wanda zai ruɗe.

Wireless kuwa ba ya bukatar sabuwar ƙira, domin iyayenmu sun riga sun ce wayar iska ga saƙon da ke tafiya ba zare. Saboda haka "ta iska" ya wadatar, kuma ya fi "mara waya" da ake yawan gani, wanda a wannan jumlar zai mayar da mu cikin rikicin da muka fara da shi. Sai dai a kula da wurin da aka ajiye shi. "Kwamfutar ta haɗu ta iska" zance ne mai kyau, amma "intanet ɗin iska" zagi ne, ko da yake wanda ya yi minti 7 yana jiran hoto guda ba zai ce an yi ƙarya ba. Wi-Fi a bar shi yadda yake, ko a rubuta waifai, tunda sunan kasuwa ne da aka ƙirƙira a 1999. Zaren da ake jonawa kuma a ce masa kebul a irin wannan rubutu, a bar wa na'urar kira kalmar waya. Laptop ba ta da wuya: kwamfutar cinya ta fi kwamfutar tafi-da-gidanka gajarta, kuma ba ta cin karo da wayar tafi-da-gidanka.

Ga misali na zahiri da za a gwada kalmomin a kansa. A watan Yuli na 1999, a birnin New York na Amurka, Steve Jobs ya nuna kwamfutar iBook tana buɗe shafin intanet yana ɗauke da ita a hannu, har ya zura ta cikin wani babban zobe don a ga babu kebul. Abin da ke ba ta haɗin shi ne AirPort Base Station, wata 'yar na'ura mai kama da ƙwarya a kife, wadda aka sayar dala 299, kuma a cikinta akwai modem mai kilobit 56. Ana soka kebul ɗin wayar girke a bayanta, ita ce ke buga lambar, sannan ta watsa abin da ta samo ta iska zuwa nisan kimanin mita 45. Tsakaninta da kwamfutar gudun ya kai megabit 11 a daƙiƙa, kusan ninki 200 na abin da layin ke kawowa, don haka mai kwamfutar ya sami damar komawa tsakar gida da aikinsa, amma shafi bai ƙara saurin buɗewa ko kaɗan ba. Da kalmominmu sai a ce: "Kwamfutar cinya tana hawa haɗin buga-lamba ta iska." Ita na'urar a ce mata tashar waifai. Modem kuma a ce modem ɗin wayar girke, domin a Kano idan aka ce modem, ɗan abin nan da ake sa wa layi a soka a gefen kwamfuta ake nufi.

Saura wani ƙulli da ya shafe mu. A Najeriya layukan NITEL, kamfanin wayar gwamnati na wancan lokaci, ba su kai rabin miliyan ba lokacin da GSM ya shigo a 2001, saboda haka 'yan kaɗan ne suka taɓa yin buga-lamba na asali a gida. Abin da da yawa suka sani shi ne haɗa kwamfuta da wayar Nokia ta Bluetooth a buga *99#, ko a buga #777 a layukan CDMA irin na Starcomms da Multi-Links. Windows na jera waɗannan a rukunin dial-up, amma ba kiran murya ba ne da modem ke rera sauti a kansa, data ce ke tafiya a hanyarta. Ra'ayina shi ne a bar buga-lamba ya ɗauke su duka, tunda lamba ake bugawa, idan kuma ana bukatar bambancewa sai a ce buga-lamba ta wayar girke ko ta wayar salula. Ina roƙon 'yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi su faɗa mana ko "wayar girke" tana shiga kunne a wajensu, ko kuwa akwai sunan da aka saba kiran layin Sonitel, tsohon kamfanin wayar Nijar, da shi wanda ya fi ta.